Ƙuri'ar Alhaji Ishaq

Shekarar da aka tambayi mutanen Birtaniya ko su fice daga Tarayyar Turai, Alhaji Ishaq mai sayar da nama a unguwar Longsight ta Manchester bai yi shawara da kowa ba. Shi Bakatsine ne, ɗan ƙasar da Ingila ta rena, saboda haka yana da ƙuri'a. Wani mai raba takardu a bakin masallaci ya ce masa idan aka rufe wa 'yan Turai ƙofa, 'yan Najeriya za a buɗe wa. Alhaji ya tuna ƙanensa da aka hana biza, ya je ya dangwala wa fita.

Amininsa Yusha'u na unguwar Sparkbrook ta Birmingham ba shi da ƙuri'a. Mutumin Maraɗi ne, fasfonsa na Beljiyam. Da masu son fita suka yi rinjaye, ya bugo waya yana tsiya, wai Katsina da Maraɗi tafiyar safiya ce, amma Bature ya raba su a gida, ga shi Alhaji ya sake raba su a nan da hannunsa. Tun ranar yake kiransa Mai 'Yanci, shi kuma ya rama da Ɗan Faransa.

Ƙanen bai samu bizar ba har yau. Habibatu kuwa, autar Alhaji, ta auri ɗan wan Yusha'u da ke zaune a Antuwap ta Beljiyam, shi ma da fasfon can. Da a da ne, jirgi kawai yaron zai hau ya zo. Yanzu sai biza, kuma aka ce albashin Habibatu bai kai ta ɗauki nauyin miji ba. Ta haifi Inaya a Manchester, yarinyar ta yi wayo a gindin kantar kakanta, tana ce masa tsoho mai warin nama, shi yana ce mata amarya. Daga baya Habibatu ta gaji da jira, ta ce za ta bi mijinta.

Daga Birmingham za su tashi, don haka aka yi sallama a gidan Yusha'u. Alhaji ya zauna da Inaya a cinya, yana jiran tsiyar da ya san tana tafe. Har ya shirya abin da zai rama da shi.

Yusha'u ya loda akwatuna a mota, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ishaq," ya ce, "miƙo ta. Lokaci ya yi."

Alhaji ya gyara wa yarinyar igiyar takalmi, ko da yake a ɗaure take, sannan ya miƙa ta.