Kuɗin Wainar Hure

Lokacin yaƙin duniya sulalla sun yi wuya a Makka, canji ya gagara. Masu burodi da masu shayi suka riƙa yanka tagulla ko gwangwani, kowa ya buga alamarsa, yana bayarwa a madadin canji. Yaƙi na ƙarewa aka watsar da su. Yau shekara ashirin ke nan, ni kuma nake bi ina tsinta. Mutanen unguwarmu Hindawiyya sun ce na zautu. Mutanen da ba su taɓa karanta komai ba sai farashin shinkafa.

Guda ɗaya nake nema. Matata Hure, Allah ya jiƙanta, waina take sayarwa a lokacin. Ita ma ta yanka nata daga gwangwanin kananzir, ta buga hoton ludayi da bakin ƙusa. A nan ba a rubuta suna a kabari, takarda kuwa ba ta taɓa mallaka ba. In ban samu ba, babu abin da zai nuna ta zo duniya.

Maƙwabcina mai tasi, Maman, dariya yake yi. "Mace ta buga kuɗi? Ya shaikh, sai ka ce sarauniya!"

Shi ya kai ni unguwar Nakkasa wajen tsohuwa Zali, wadda a da take sayen wainar Hure. An yi ruwa da safe, muka tarar ta jera kwanuka a ɗaki tana tarar yoyo.

"Kuɗin Hure? Ba ni da ko ɗaya a ajiye, Malam," in ji ta. Ta harari rufi. "Dubi aikin kafintocin yanzu. Ɓangaren da marigayi maigidana ya buga, da ya sa wa kowace ƙusa kuɗin waina a ƙarƙashi, ko ɗigo babu."

Ban san gwiwoyina suna iya hawa tsani ba sai ranar. Ga kuɗin Hure a jere a kan kwanon rufin, kowanne da ƙusa a cibiya, sun yi tsatsa, amma ludayin na nan.

"Ɗaya kawai!" Zali ta yi ihu daga ƙasa. "Kuma ka toshe mini ramin!"

Na ciro ɗaya, na sauko na ɗora shi a tafin hannun Maman. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Riƙe da hannu biyu," na ce masa. "Na sarauniya ne."