Kwaɗon da Dulcie Ta Ɓoye

Ƙarfe uku na rana, zafi kamar zai narkar da kwanon rufi, sama ko ɗigon girgije babu. Dulcie na zaune bayan rumfar askin tumaki da gwangwanin biskit a cinya. Sati biyar ke nan da aka kwashe yara da mata daga garin Darwin don gudun jiragen yaƙin Japan. An daɗe a jirgin ruwa, an daɗe a na ƙasa, sannan aka rarraba yaran zuwa gidajen manoma. Ita ta faɗo hannun Misis Pengilly. Babanta can aka bar shi yana dako a tashar jiragen ruwa.

An ce kowa jaka ɗaya, ban da dabba. Ita kuwa ta ɓoyo koren kwaɗon da ke zaune a indararon gidansu. Kwaɗon nan in ya yi kuka, sai ta ji ruwan sama na dukan rufin gidansu daga cikin gwangwanin, ta jiyo babanta yana fito yana ɗauraye kofin shayinsa. Da haka take sanin yana raye.

Yau kwana huɗu bai yi kuka ba. Fatarsa ta bushe ta yi toka-toka.

Ruwa a gidan nan da awo ake ba da shi. Kowa moɗa ɗaya ta wanke jiki, in ya gama ya juye a gindin lemo. Dulcie cikin gwangwani take juye nata, amma kafin azahar ya ƙafe.

Inuwa ta faɗo kanta. Misis Pengilly ce, riƙe da bokitin dusar kaji.

"Ke 'yar Darwin, wuyan nan naki ko dankali aka shuka sai ya fito. Ina ruwanki ke tafiya? Lemona ma bai gan shi ba."

"Na wanke, Anti."

"Da me? Da yawu? Buɗe abin nan in gani."

Dulcie ta buɗe. Matar ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah. Tumaki ɗari uku na binne bana saboda ƙishirwa, ke kina nan kina kiwon kwaɗo."

"Muryar babana ce a ciki, Anti."

Misis Pengilly ta ajiye bokiti, ta sunkuya da ƙyar, ta kara kunne.

"Ni dai ban ji komai ba."

"Sai ya jiƙe tukuna."

"To ba ni da ɗigon da zan ƙara miki. Kawo nan."

Ta karɓe gwangwanin ta nufi gida. Dulcie ta bi ta tana jan ƙafa. Ta riga ta sa a ranta kaji za a jefa wa kwaɗon. Ta so ta yi kuka, ƙarfin kukan ma babu.

A baranda akwai jakar tamfol ta ruwan sha a rataye, tana ɗiga jefi-jefi kan tukunyar na'ana'a, abu ɗaya tak da ya rage kore a gidan. Misis Pengilly ta sa ƙafa ta ture tukunyar gefe. Ta ajiye gwangwanin a gurbinta, ta gyara shi har ɗigon ya sauka daidai bayan kwaɗon.

Dulcie ta durƙusa a wurin, idonta na kan maƙogwaronsa da ya fara motsi a hankali. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Matar ta koma ta ɗauki bokitinta, ta wuce wajen kaji.