Lamba Ɗaya, Mutum Biyu

Auta ta tura ƙofar ofishin kwamfuta da kafaɗa. Yanzun nan likita ya gaya mata ƙodar mahaifinta ta kusa daina aiki. Baba kuwa yana can kan benci yana gardamar ƙwallo da maigadi. Awon jinin ma sai da ta matsa masa ya zo.

Ita ke kula da bayanan marasa lafiya na asibitin. Ta buɗe shafin Baba tana bin sakamakon, hawaye na tare mata gani. Can ƙasa ta tsaya cak: juna biyu, wata shida.

Ta goge ido, ta sake karantawa. Nan take ta kira abokin aikinta na sabon reshe.

"Dogo, wa ke ba sababbin marasa lafiyarku lamba?"

"Injin mana, da kansa. Ya ɗora daga inda naku ya tsaya ranar da muka kwafo bayananku."

"Ai namu ma daga nan ya ɗora!"

Dogo ya yi salati. Ashe kowane inji ƙirgensa yake yi, bai san da ɗan'uwansa ba. Da aka haɗa bayanan rassan biyu da safe, mutum biyu suka faɗo kan lamba ɗaya, sakamakon wata mata ya hau kan na Baba, na Baba kuma ya hau kan nata.

Auta ta dakatar da haɗin. Suka tsayar da shawara: babban asibiti ya riƙa ba da ɗaya, uku, biyar, reshe kuma biyu, huɗu, shida. Sannan ta ruga ɗakin gwaji aka fito mata da ainihin sakamakon. Ƙoda garau, sai ɗan sukari.

Ta zube kusa da Baba a kan bencin.

"Baba, lafiyarka lau. Kwamfuta ce ta ce kana da ciki."

Ya shafa tumbinsa. "Yo shi ne kike kuka? Je ki gaya wa uwarki ta fara haɗa kayan jariri."

Ta yi dariya har da tari. Sai ta tuna: ashe ƙodar da ta kusa daina aiki ta matar nan ce. Ta zaro waya.

"Dogo, mai lambar nan, mai cikin. An ce mata lafiyarta ƙalau, ko?"

"Tana layin karɓar magani, ina hango ta."

Auta ta sauke numfashi.

"Kar ka bari ta fita. Kai ta wurin likita da kanka."