Hagun Mbah Tukiyem

Ni dai alheri na nufa, Allah ne shaida. Wasu matasa a nan Yogyakarta suna haɗa gem na waya, labarin wata kasuwa, sai kuɗi ya yanke musu a tsakiya. Suka ce duk wanda ya taimaka zai fara bugawa tun kafin a gama, wanda ya ba da mai tsoka kuma za a zana masa mutum ɗaya a ciki. Na kwashe kuɗin sauya tayar babur ɗina na tura, haɗe da hoton kakata Mbah Tukiyem, mai sayar da romon soto a bakin layinmu. Ita ta raine ni.

Abokina Galih ya ce, "Danang, ka yi cinikin biri a sama. Irin waɗannan rabinsu ba a gama su." Na ce ya ji da baƙin cikinsa.

Ranar da kashin farko ya fito na tara 'yan gida. Sai ga Mbah a cikin waya, da tukunyarta da ɗankwalinta. Ta ƙyalƙyale da dariya: "Kai, sun ƙara mini hanci!" Can wani mai saye ya ɓullo ta ɗaya gefen. Mbah ta cikin waya ta juya, ta miƙa masa kwano da hannun hagu.



To ni bahago ne, kuma duk unguwa ta san ludayin da hannuna ya sha ina yaro. Mbah ta dube ni sama da ƙasa.

"Ramuwa ce ko? Ka biya kuɗi a nuna wa duniya ba ni da tarbiyya?"

Na rantse har na gaji. Kafin la'asar zance ya zaga layi, masu saye suna tsokanarta: "Mbah, ni dai da dama za a ba ni!" Ta daina zuba mini soto, ta daina kiran sunana, na koma "mai waya". Wallahi abin ya ci mini rai.

Na je wajen Laras, mai yi wa matasan zane. Ta dafe kai ta ce sau ɗaya suka zana Mbah, in za ta juya sai su juya hoton kamar a madubi, dama ta koma hagu. Gyara sai an samu sarari, gem ɗin ai ba a gama ba. Da na kawo wannan bayani Mbah ta ce, "Tashi ka kai ni."

Haka muka tafi a kan tayar nan da ta suɗe, tana rungume da tukunya. Ta zuba wa kowa, ta jira suka cika baki, sannan ta ce, "Ba kun ce wanda ya ba da kuɗi yana da ta cewa ba? To ga ta cewar ta zo. 'Yar nan, ajiye cokali ki ɗauki abin zanenki."

Laras ta sake zanen tana dariya, ta miƙa wa Mbah waya ta gwada gem ɗin da kanta. Nan aka yi kuskure na biyu.

Har yau gem ɗin bai ƙare ba. Rabin kasuwar babu rufi, kaji suna ratsa bango, Galih kuma yana ta yi mini dariya. Amma yanzu wayata ta fi zama a hannun Mbah.

Jiya na same ta a bayan tukunya, babban yatsanta na dama yana ta aiki a kan waya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta turo mini kwano cike da soto.

Na ce, "Mbah, hagu fa."

"Karɓi, Danang, ɗan nema! Ba ka ga ina da masu saye ba?"

Na sa hannu biyu na karɓa.