Gadon Da Erkin Ya Sassaƙa

Ranar da gadon farko ya gudu, ina tsakar gida ina yanka karas. Mijina Erkin ya ɗan taɓa shi da yatsa, sai ga abu yana tafiya gefe-gefe kamar agwagwa, har ya bangaji tanderu.

Na ce, "Baban Nargiza, jikan namu za ka kwantar, ko Tashkent za ka kai shi? Har yau tuƙin bai sake ka ba?"

"Ji da karas ɗinki, tsohuwa."

Mijina ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a Margilan. Yana yin ritaya 'yarmu Nargiza ta samu ciki, kuma a al'adarmu iyayen mace ne ke kai beshik, gadon lilo na jariri, gidan surukai. Ya rantse da hannunsa zai yi shi. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa daidai ba!

Na biyu da ɗanyen itace ya yi, ya bushe ya tsage. Na uku ya huda ramin tukunyar fitsarin jariri ta wajen kai maimakon ta wajen ƙafa, na yi dariya har da hawaye. Yatsunsa duk suka faffashe. Amma na ƙarshen, wallahi, in ka tura shi sai ya yi ta lilo shi kaɗai, ko ƙis ba ka ji.

* * *

Ranar bikin kai gadon muka shiga da shi gidan surukan, ana busa ana kiɗa. Mavluda, uwar mijin Nargiza, ta dube shi sama da ƙasa, zobba na ƙyalli a yatsunta.

"Ayya, suruki! Ai da kun faɗa abin ya yi muku nauyi. Na katako kuma? Me zan ce wa baƙina?"

A falo ga wani farin gado daga ƙasar waje, da fitilu, mata na ta ɗaukarsa hoto. Ni ba Mavluda ce ta ƙona min rai ba, na san halinta. 'Yata ce. Ta matso, idonta a ƙasa, ta raɗa wa ubanta:

"Baba, don Allah a kai shi baya. Ni zan zauna da su, ba ku ba."

Na buɗe baki zan zazzage musu, Erkin ya riƙe min hannu. Na ji kaushin tafinsa. Shi kaɗai ya ɗauki gadonsa, ya bi ta ƙofar da ake fitar da shara. Kiɗan ko tsayawa bai yi ba.

* * *

Yanzu gadon yana gidanmu ƙarƙashin rumfar inabi. Iska ta taso jiya, ya fara lilo, mu kuwa ba ma barin gadon jariri ya yi lilo babu kowa ciki. Erkin ya tashi, ya kwaso guduma da kurfinsa, ya kwantar da su a ciki, ya lulluɓe su da bargon da na saƙa.