Zalɓen Kan Busasshen Itace

Daga ƙofar gandun dajin zuwa surin farko taku ɗari biyu da goma ne. Daga suri zuwa kurmin birai, ɗari uku. Daga nan zuwa bakin tafki, ɗari da tamanin. Shekara talatin tsohon jagoran yana bin wannan hanya bai taɓa ƙidaya takunsa ba, sai bara, da yanar ido ta fara rufe masa gani. Yanzu mutum a wurinsa inuwa ce mai magana, itace kuwa inuwar da ba ta magana. Bai gaya wa kowa ba. Dokar aikin a fili take: wanda ba ya gani ba ya shiga daji da baƙi. Shi kuwa in aka raba shi da hanyar nan, bai san inda zai kai ƙafafunsa da safe ba.

Ran nan motar wata makarantar ƙananan yara ta sauke yara ashirin a bakin ƙofa, babu wanda ya wuce shekara biyar. Malamarsu ta ɗauko wata doguwar igiya, ta sa kowa ya riƙe, sannan ta ƙidaya kawunansu sau biyu. Da ganinta ka san ta gaji tun ba a fara ba.

Sabuwar manajar gandun ta fito daga ofis da ɗan littafi a hannu. Watanta ɗaya da zuwa, takarda ta sani fiye da daji, kuma ba ta ɓoye hakan.

"Baba, yau da kai zan zaga," in ji ta. "Ina so in ga yadda kowane jagora yake aikinsa."

"To, ranki ya daɗe. Daji na kowa ne."

Ya gyara madubin hangen nesan da ke rataye a wuyansa, wanda ya daɗe da zama ado, ya dogara sanda ya shiga gaba yana ƙidaya a zuci.

A bakin suri ya tsaya ya durƙusa, ya shafa ƙasa da tafin hannu har ya sami abin da yake nema.

"Kowa da gidansa," ya ce da yaran. "Ku a ɗaki kuke kwana, ko? To wannan benen gara ne. Su suka gina, amma akwai wanda ya tare a ƙasa ba da izininsu ba. Ku zo ku taɓa sawunsa."

Yaran suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sa yatsa a sawun tunku. Wani yaro ya tambaya ko tunkun yana da talabijin a ciki. Tsohon ya ce bai taɓa leƙawa ba, amma yana shakka.

A kurmi ya sa su rufe idanu. Ya ce daji da kunne ake fara ganinsa. Suka ji reshe ya karye a sama, suka ji wata uwa tana yi wa ɗanta faɗa da yaren birai. Ya gaya musu biri ba ya son fili, don a fili ba shi da wurin gudu. Barewa kuma ba ta son kurmi, don a kurmi ba ta hango mai zuwa. Manaja ta rubuta wani abu a littafinta. Ya ji ƙarar alƙalamin, bai san ko yabo ba ne.

Taku ɗari da tamanin. Ya ji sanyin ruwa a fuskarsa, ya tsaya, ya juya dama kamar kullum. Taku goma daga hanya akwai shingen waya, bayan shingen akwai wani busasshen itace da zalɓe ke zama a kansa kowace hantsi. Zalɓen bai taɓa ba shi kunya ba. Ya ɗaga sanda ya nuna.

"Ku dubi can sama, kan busasshen itacen nan. Ga zalɓe, mai gadin tafki. Kun ga dogon wuyansa a lanƙwashe? Kun ga ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɓoye ɗayar? Ba barci yake ba, kifi yake jira. Kun gan shi?"

"Mun gan shi," yaran suka amsa baki ɗaya.

Malama ba ta ɗaga kai ba, tana fama da igiyar takalmin wani yaro. Manaja kuwa ta dubi inda sandan ya nuna, ta ga sararin sama fetal. Ta daɗe tana duban wurin, sannan ta juyo ta dubi tsohon.

Daga ƙarshen igiya wata 'yar murya ta ce, "Baba, ni ban gan shi ba."

Autar ajin ce, wadda malama ta ce tun a mota take damun direba da tambaya.

"Me kika gani, jikata?"

"Itacen ya kwanta. Ya danne waya."

Tsohon ya sauke sanda. An yi ruwa da iska jiya. Da safe ya zo nan duba hanya, ya tsaya a daidai wannan wuri, ya saurara, ya koma ya sa hannu a takarda cewa komai lafiya.

"Guda biyu ne ma," in ji yarinyar. "Ɗayan yana kusa da mu. Yana da ido."

Sai a lokacin ya lura cewa kwaɗin bakin ruwa sun yi tsit, kuma iskar ta kawo wani ƙarni da ya sani, ƙarnin kada. Ya ji manaja ta ja numfashi a bayansa.

"Kar ki ɗaga murya, ranki ya daɗe," ya ce ƙasa-ƙasa. "Gaya mini kawai. Taku nawa?"

"Kamar bakwai."

"Bakinsa a buɗe?"

"A buɗe. Ba ya motsi."

"Hantsi yake sha. Ba mu yake so ba, in ba mu firgita shi ba."

Ya matsa a hankali har ya shiga tsakanin ƙarshen igiyar da ruwa, ya ba yaran fuska, ya ba kadan baya. Tsoro ya ji, irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi, amma muryarsa ba ta nuna ba.

"Yanzu za mu yi tafiyar hawainiya. Wa ya san hawainiya? Ba ta gudu, ba ta surutu. Ta ɗaga ƙafa, ta yi tunani, sannan ta ajiye. Malama, ki ja mana gaba. Wanda ya fi kowa shiru shi ne sarkin hawainiya."

Suka tafi suna ɗaga ƙafa suna tunani, wasu na toshe baki kar dariya ta kuɓuce. Auta ta saki igiya ta kama yatsansa. A taku na sittin ya ji abu mai nauyi ya sulale cikin ruwa a bayansu.

A rumfar baƙi malama ta raba wa yaran takarda da fensir mai launi, ta ce kowa ya zana dabbar da ya gani da gidanta. Har motarsu ta tashi babu yaron da ya san an yi wani abu, ban da cewa wani mai kumatu ne ya ci sarautar hawainiya. Zanen suka bar wa gandun kyauta.

A ofis manaja ta aika a gyara shinge, ta rufe ƙofa, ta zauna.

"Wa ya duba hanya yau da safe, Baba?"

"Ni ne."

"Tun yaushe ba ka gani?"

"Tun bara."

Bai jira sauran ba. Ya cire madubin daga wuyansa, ya laluba gefen tebur, ya ajiye shi kusa da takardun. Wuyansa ya yi sakayau. Manaja ba ta mayar masa ba, shi ma bai sa ran za ta mayar ba.

Hannunsa ya taɓa tarin zanen. Ya ɗauki na sama ya kawo kusa da fuska, ya ga fari da ɗan duhu a tsakiya.

"Me suka zana?"

Ta karɓa ta riƙa buɗawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya ta zana kada a kwance kusa da waya. Sauran zalɓe ne, a kan busasshen itace."

"Dukansu?"

"Sha tara."

Ya juya sanda a tsakanin tafukansa.

"Da ƙafa ɗaya?"

Ta sake dubawa.

"Da ƙafa ɗaya, Baba."