Aljihun Mai Wanki

"Ki kama hannunsa mana," in ji shugabar matan coci, karo na uku. "Lokaci na tafiya."

Mai Wanki ko ɗago kai ba ta yi ba. Hannayenta na kan cinya, fatarsu duk ta tsattsage da sabulu. A gefenta, kan bencin asibiti, yayanta ya miƙo hannu ya bar shi a iska. Shi ne ɗazu da safe ya ɗauki 'yarta Auta a babur zai kai ta wurin aiki, wayarsa ta yi ƙara, ya zaro ta yana tuƙi, suka yi hatsari. Shi ya tashi da ɗan ƙujewa a goshi. Auta kuwa tana bayan koriyar ƙofar ɗakin tiyata, likita ya ce nan da awa biyu za a san ko ƙafar dama za ta zauna ko za a yanke.

Mata shida suka zo daga coci da littattafan waƙa a jaka. Ƙa'idarsu ce, kafin a roƙi komai sai an yi da'ira, kowa ya kama hannun na kusa da shi ya ce, "Na yafe, zuciyata fes." Shugaba mace ce mai kirki, ita ta fara isowa ko takalmin fita ba ta tsaya sakawa ba. Matsalarta ɗaya, tana son addu'a ta tafi a layi, babu mai tsallakewa.

"Ƙanwata," ta ce a hankali, "kin fi ni sani, addu'ar mai riƙo ko rufin nan ba za ta wuce ba. Kalma biyu ce fa. Ki faɗa don Auta."

Mai Wanki ita ma ta yarda da hakan. Tsoro ya kama ta sosai. Kalmomin har sun hau harshenta, ta haɗiye su.

Shekara ashirin da biyu tana wanke kayan mutane, ba ta jefa wando a ruwa sai ta juye aljihunsa. Sau ɗaya ta yi ganganci, biro ya fashe ya lalata mata fararen riguna bakwai. Haka take yi da addu'a. Kullum kafin ta durƙusa sai ta juye aljihun zuciyarta, ta zazzage abin da ke ciki a gaban Allah, mai kyau da maras kyau. Yau ne za a ce ta tura biron can ƙasa ta jefa cikin ruwa?

"Mama," ta ce, "in na ce na yafe, ƙarya na yi. Ku zan ruɗa ko Shi?"

"Wannan aikin Shaiɗan ne," wata ta faɗa daga baya.

"Ku bar Shaiɗan ya huta. Ba shi ya ɗaga wayar ba."

Yayan nata ya sunkuyar da kai. Shugaba ta buɗe baki za ta yi magana, amma Mai Wanki ta riga ta sauka daga benci, ta kafa gwiwoyi a kan siminti mai warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kama hannun kowa ba, ba ta kuma rage murya ba.

"Ubangiji, ga ni. Ban shirya ba, kada wani ya gaya maka na shirya. Mutumin nan da ke bayana, nono ɗaya muka sha, amma yanzu ji nake kamar in shaƙe shi. Ban yafe masa ba. Kai ma ina fushi da kai, don kana wurin lokacin da wayar ta yi ƙara. Abin da ke aljihuna ke nan, na juye maka, babu saura. In wankewa za ka yi, ka wanke, ni na kasa. Amma yarinyar nan ba ruwanta da rigimarmu. Yesu, an buga maka ƙusa a ƙafa, ka san zafin ƙafa. Ka bar mata tata."

 Matan suka kalli juna, babu wadda ta san ko irin wannan ana ce mata amin.

"Amin," wata murya ta ce, a dushe.

Yayanta ne. Ta juyo a fusace, sai idonta ya sauka a kan hannun da yake ta miƙo mata. Auduga ce manne da filasta a lanƙwasar hannun, ta jiƙe da ja. Daidai nan wata nas ta leƙo.

"Malam, ba na ce ka kwanta ba? Mutum ya ba da jini ya tashi yana yawo, so kake ka faɗi mana a nan?"

Bai kula ta ba, ƙanwarsa yake kallo.

"Kada ki faɗa," ya ce. "Ko kin faɗa yau ba zan yarda ba. Ni kaina ban yafe wa kaina ba."

Ta daɗe tana kallon audugar. Fushin bai tafi ko'ina ba, yana nan daram a ƙirjinta. Ta miƙa hannu ta cafko nasa, ta fizgo shi ƙasa har gwiwarsa ta bugi siminti.

"Ban yafe ba fa, Yaya."

"Na sani."

"To durƙusa da kyau. Mama, ku fara waƙar."

Shugaba ta dubi da'irar da ta karkace, ta dubi koriyar ƙofar da har yanzu take rufe. Ba ta sake neman kalma biyun ba. Ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa.

Mai Wanki ta rufe ido. Da hannun da ya saba matse bargo jiƙaƙƙe ta matse yatsun yayanta har suka yi ƙara. Bai janye ba, ita ma ba ta saki ba.